Harara-garke: Idan Ido Ya Karkata Wajen Hanci, Wane Irin Aiki Ake Yi Masa?

Waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar ido za mu yi, wato abin nan da muke kira harara-garke, musamman irin wanda baƙin ido ke karkatowa ciki wajen hanci. Ni ma'aikacin jinya ne a ɓangaren ido, to amma ba aikina ne ya sa na ɗauko maganar ba. A gidanmu abin ya faru.

Yayata tana aure a wani ƙauye da ke bakin daji a ƙasar Birnin Gwari. Farkon 2021 ta haifi 'ya mace. Yarinyar na da wata biyar aka lura idonta na hagu yana shigewa ciki. Kakarta ta ce ba komai, hasken fitila ne take kallo ta gefe, a sauya mata wajen kwanciya. Wata maƙwabciya ta ce baki ne. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka ci gaba da sa tozali. A ƙarshen shekarar nan, kun dai tuna, gwamnati ta katse layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro, ga hanyar Kaduna ta zama abin da ta zama. Wanda yake gudun ceton rai, ina ya ga ta ido? Ban sa yarinyar nan a idona ba sai farkon 2025, bayan sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, hanya ta ɗan yi sauƙi. Lokacin ta kai shekara 4.

Da na rufe mata idon dama da tafin hannuna, sai ta fara fizge-fizge tana kuka. Da na rufe na hagu kuwa, ko a jikinta. Nan gabana ya faɗi, domin na san ma'anar wannan. Yaya ta dube ni ta ce, "Kawunsu, lafiya? Ai tana gani sarai." Na ce, "Yaya, tana gani, amma da ido ɗaya take gani."

To, bari mu fara daga tushe, don a gane abin da likita ke gyarawa.

Kowane ido yana da tsokoki 6 da ke juya shi. Mutane kan ce jijiyoyi, amma tsoka ce, 'yan sirara, manne a jikin farin ido ta waje. Biyu daga cikinsu su ne namu a yau: ɗaya tana ɓangaren hanci tana jan ido ciki, ɗaya tana ɓangaren kunne tana jan shi waje. Duk wanda ya taɓa riƙe linzamin doki ya san zancen. Idan ja ya yi daidai hagu da dama, kan doki na kallon gaba. Idan hannu ɗaya ya fi ja, kai ya juya. A harara-garken da muke magana, jan ɓangaren hanci ne ya rinjaya. Sau da yawa ma tsokar lafiyarta lau, umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika mata ne bai daidaita ba.

Me ya sa abin ya wuce maganar kyau? Idanu biyu idan suna kallon wuri ɗaya, ƙwaƙwalwa na haɗa hotunansu su zama ɗaya, da haka mutum ke gane zurfi da nisa, ya zura zare a allura, ya cafe abin da aka jefo masa. Idan ido ɗaya ya karkace, hotuna biyu ne mabambanta ke zuwa. Babba sai ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Yaro kuwa ƙwaƙwalwarsa wayo take yi, sai ta yi watsi da hoton karkataccen idon. Yau da gobe, idon da aka yi watsi da shi bai koyi gani ba, alhali ba abin da ya same shi. Kuma wannan koyon yana da lokaci. Daga haihuwa zuwa wajen shekara 7 ko 8 ne ƙofar take a buɗe sosai, bayan nan gyaran gani yana wuya matuƙa. Shi ya sa aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai fa ba kowane karkataccen ido ake kai wa ɗakin tiyata ba. A nan nake so a natsu.

Na farko, jariri sabon haihuwa idonsa kan yi yawo jifa-jifa, wannan ba abin tsoro ba ne. Amma idan ya wuce wata 4 ido na karkacewa, ko kuma tun farko a karkace yake kullum ba ya komawa, a kai shi a duba.

Na biyu, akwai yaran da karan hancinsu ke da faɗi, fatar gefen ido ta rufe farin da ke wajen hanci, sai a ga kamar harara-garke alhali idanun daidai suke. Likita na haska 'yar tocila ya ga inda hasken ya sauka a kowane ido, ya rufe wannan ya buɗe wancan, nan take a gane.

Na uku, kuma wannan yana da yawa, shi ne wanda ke farawa wajen shekara 2 zuwa 4. Yaron nan idonsa sai ya yi yunƙuri sosai kafin ya ga abu tangaram, musamman na kusa, to wannan yunƙurin ne ke jawo idon ciki. Maganinsa tabarau ne. A sa masa wanda ya dace, ka ga ido ya miƙe kamar an sa hannu. Irin wannan idan tabarau ya miƙar da shi gaba ɗaya, ba a yi masa aiki. Idan ya rage karkatar amma da saura, to sauran ne kawai ake yi wa aiki, kuma yaro zai ci gaba da sa tabaransa bayan aikin. Iyaye da yawa na jin kunyar ƙaramin yaro da tabarau. Don Allah a cire wannan.

Na huɗu shi ne mai haɗari. Wani lokaci ido na karkacewa ne don akwai cuta a cikinsa da ta hana shi gani, kamar yanar ido ta yara, ko kuma cutar dajin ido da ke kama ƙanana. Idan kun ga tsakiyar baƙin idon yaro yana fari, ko yana ƙyalli kamar idon mage da dare, ko ya fito fari a hoton waya, wannan ba maganar jira ba ce ko ta mako ɗaya. Maganar rai ce.

Na biyar, babba ko yaro da ido ya karkace masa rana tsaka, yana ganin abu biyu. Wannan kan zo ne idan jijiyar da ke ba tsokar ɓangaren kunne umarni ta samu matsala, saboda ciwon suga, ko hawan jini, ko bugu a ka irin na haɗarin babur, ko sanƙarau, ko wani abu a cikin kai. A nan dalilin ake fara nema. Da yawa na warwarewa da kansu cikin 'yan watanni, shi ya sa likitoci kan jira kamar wata 6 kafin su yi maganar aiki.

To wa ake yi wa aikin? Babban rukuni shi ne irin na 'yar yayata: wanda ya bayyana kafin yaro ya cika wata 6, karkatar tana da girma, kullum tana nan, tabarau bai gyara ta ba. Wannan ba ya tafiya da kansa. Yawancin likitocin idon yara sun fi son a yi aikin kafin yaro ya cika shekara 2, domin a ba ƙwaƙwalwa dama ta koyi haɗa idanu biyu.

Kafin aiki akwai matakai. Za a ɗiga maganin da ke buɗe ido ya kwantar da yunƙurinsa, a auna ko yana buƙatar tabarau, a leƙa can cikin idon. Za a auna girman karkatar da wani ɗan gilashi mai kusurwa da ake kira firizim, kuma ba sau ɗaya ba, don a tabbatar awon ya tsaya. Sannan idan ido ɗaya ya yi rauni, sai an farfaɗo da shi tukuna. Yadda ake yi shi ne a manne lafiyayyen idon da filasta ta musamman na wasu sa'o'i kullum, a tilasta wa raunanan aiki. Wallahi wannan shi ne mafi wuya a wajen uwa. Yarinyarmu ta yi kuka, ta ɓalle filasta ta jefa a rijiya, kakarta ta ce ana azabtar da ita. Wata biyar muka yi a haka. Ku riƙe wannan da kyau: aiki yana miƙar da ido ne, ba ya ƙara masa gani. Filasta da tabarau su ne ke gyara gani.

Yanzu ga nau'o'in aikin.

Na farko shi ne sassauta tsoka. Likita zai ɗan buɗe siririn tantanin da ya lulluɓe farin ido, ya nemo tsokar ɓangaren hanci, wadda take manne kamar milimita 5 da rabi daga bakin baƙin ido. Zai cire ta daga mazauninta, ya matsar da ita baya da 'yan milimitoci, yawanci tsakanin 3 zuwa 7 gwargwadon awon da aka yi, ya ɗinke ta a sabon wurin. Kamar ka sassauta igiyar da ta ɗaure tamau. A yara sau da yawa ana yin wannan a idanu biyun lokaci guda.

A nan muka sha rigima da mijin yayata. Ya ce, "Malam, ido ɗaya ne ya karkace, me zai sa a taɓa mai lafiyar?" Tambaya ce mai kyau. Na ce masa ya dubi shanunsa na huɗa. Idan garma na karkacewa, ba lallai laifin sa ɗaya ba ne, daidaiton da ke tsakaninsu ne ya ɓaci. Idanu biyu a ƙarƙashin karkiya ɗaya suke, umarni ɗaya suke karɓa. Raba gyaran biyu, kaɗan nan kaɗan can, yakan fi ba da daidaito. Bai gamsu ba sai da likita ya zaunar da shi ya sake yi masa bayani.

Na biyu shi ne sassautawa da tsukewa a ido ɗaya. A sassauta ta ɓangaren hanci, sannan a je ta ɓangaren kunne a yanke ɗan guntu a rage mata tsawo, a mayar da ita mazauninta, sai ƙarfin janta ya ƙaru. Wasu likitocin maimakon yankewa, ninke tsokar suke yi su ɗinke, kamar yadda tela ke cin riga. Ana zaɓar wannan hanyar musamman idan ido ɗaya ganinsa ya yi rauni sosai, don a bar mai ganin ba a taɓa shi ba. Idan karkatar ta yi girma ainun, akan yi wa tsoka uku aiki.

Na uku shi ne ɗinki mai zarge. Likita zai ɗaure zaren da ƙullin da za a iya ja ko a sassauta. Bayan mutum ya farfaɗo, a ɗiga maganin kashe zafi, a duba yadda idanun suka tsaya, a ɗan ja ko a ɗan saki, sannan a ƙulle. An fi yi wa manya, domin sai da haɗin kan mara lafiya, da kuma waɗanda aka taɓa yi wa aiki a baya.

Na huɗu allura ce, ba yanka ba. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada wani sinadari mai sanyaya tsoka a kan masu harara-garke, kuma a 1989 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi. Shi ne yau duniya ta sani da Botox. Ana yi wa tsokar ɓangaren hanci allurar, ta yi sanyi na kamar wata 3, idon ya samu damar komawa daidai. Wani ya tsaya a haka, wani karkatar ta dawo sai an maimaita ko a yi aiki. Takan kuma sa fatar ido ta sauko na ɗan lokaci. Ba kowane asibiti ke yin ta ba, sai a tambaya.

Na biyar na waɗanda tsokar ɓangaren kunne ta shanye ne gaba ɗaya. Tsuke matacciyar igiya ba ya amfani, don haka sai a aro tsokokin da ke ɗaga ido sama da ƙasa, a matso da su gefe su taya jan idon waje.

Aikin nan fa ba sabo ba ne. Tun 1839 wani likita a Jamus, Dieffenbach, ya yi wa wani yaro ɗan shekara 7. A wancan zamanin datse tsokar kawai ake yi a bar ta, shi ya sa idanu da yawa suka riƙa fallewa waje. Daga wannan kuskuren aka koyi awo da ɗinki.

Bari in kashe wata jita-jita. Ba a ƙwaƙulo ido a ajiye a faranti a gyara a mayar. Ƙarya ce. Ido na nan a gurbinsa, kuma ba a shiga cikinsa, a bayansa ake aikin. Yara ana sa su barci, aikin kan ɗauki kamar awa ɗaya, wani a sallame shi ranar, wani ya kwana. Zaren narkewa yake da kansa. Idon zai yi ja na 'yan makonni, hawaye na iya zuwa da ɗan jini-jini a kwanakin farko, yaro ya ji kamar tsakuwa a ido. Ana ba da maganin ɗigawa. A kiyaye ƙura da hayaƙin murhu da wankan rafi. Ba tozali, ba ruwan nono, ba ruwan siga, ba wani tsimi a ido.

Gaskiya kuma sai an faɗe ta: aiki ne, yana da nasa haɗarin. Wanda ya fi faruwa shi ne gyaran ya gaza ko ya zarce, ido ya rage 'yar karkata ko ya leƙa waje, nan kusa ko bayan shekaru. Don haka yara da dama kan buƙaci aiki na biyu, kuma wannan ba ya nufin likita ya yi ganganci. Manya kan ga abu biyu na ɗan lokaci. Wanda ba kasafai ba shi ne ƙwayar cuta ta shiga, ko tsoka ta suɓuce daga ɗinki, ko allura ta huda farin ido. Idan bayan aiki zafi na ƙaruwa, fatar ido ta kumbura, ruwa mai kauri na fita, ga zazzaɓi, ko ido ya ƙi juyawa gefe ɗaya, a koma asibiti a ranar. Kafin aiki kuma a gaya wa likita idan yaro na da sikila, ko farfaɗiya, ko tari da zazzaɓi. Idan an ce kada ya ci komai, to kada a tausaya a ba shi koko a ɓoye. Abinci a ciki lokacin maganin barci na iya kashe yaro.

Ina za a je? Mu mutanen Birnin Gwari Allah Ya sauƙaƙa mana ta wani ɓangaren, domin hanyarmu idan ta biyo ta Udawa da Buruku, a Mando take sauke mu, kuma a wannan yankin Cibiyar Ido ta Ƙasa take, wadda aka yi dokar kafa ta tun 1979. Akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, ga wanda ta Funtuwa ta fi masa sauƙi. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da ke aiki tun 1943. Duk inda kuka je, ku ce likitan idon yara kuke nema. Ku tafi da tsofaffin hotunan yaron, suna taimakawa wajen gane lokacin da abin ya fara. Ku sa a ranku ba zuwa ɗaya ba ne. Tun zuwan farko ku tambayi kuɗin awo, da na tabarau, da na aiki, da sau nawa za ku dawo, don ku yi lissafi da kakar amfanin gona. Mu buhunan masara muka ware tun da kaka.

Manya kuma da suka girma da shi, kada ku ce lokaci ya wuce. Ganin da ido bai koya ba a yarinta da wuya ya dawo, amma miƙar da ido ana yinsa a kowane shekaru. Na san 'yan mata da suka bar makaranta saboda tsokana, na san magidancin da ba ya iya haɗa ido da mutane a kasuwa. Neman gyaran wannan ba son kwalliya ba ne.

Yarinyarmu an yi mata aiki a idanu biyun. Da aka fito da ita, Yaya ta kasa magana, sai hawaye. Yau idanunta a miƙe suke, ta shiga makaranta, ba mai kiranta da sunan da yara suka laƙaba mata. Idon hagun ya farfaɗo sosai, amma bai kamo na daman ba, har yanzu ana sa filasta. Gwajin gane zurfi kuwa ba ta ci ba, kuma likita ya gaya mana mai yiwuwa ba za ta samu wannan ba, domin lokacinsa ya wuce tun tana goye. Rannan kakarta ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, da mun sani." Na ce, "Inna, ba laifinki ba ne, ba wanda ya taɓa gaya miki, ga hanya a rufe." Amma ku da kuke saurarena yanzu, an gaya muku.

Saboda haka yau da dare, idan akwai yaron da kuke shakkar idonsa, ku zaunar da shi, ku haska masa tocilar waya daga nisan kamu ɗaya, ku duba ko ɗigon hasken ya sauka wuri ɗaya a idanu biyun. Ku rufe ido ɗaya, ku rufe ɗayan, ku ga wanne ne yake ƙin a rufe. Wannan ba ya maye gurbin likita, amma zai iya tashinku tsaye. Ku tura wa 'yan uwa na ƙauye, wanda bai iya karatu ba a kunna masa muryar.

Masu tambaya su ajiye a ƙasa, za mu ɗauko su a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya, Ya tsare mana hanyoyinmu. Na bar ku lafiya. Wassalamu alaikum.